Lamba Shida ta Orval

A duk garin Millsap na Texas babu wanda ya kai Orval Tidwell zargin mutane. Bai yarda da gwamnati ba, bai yarda da banki ba, likita ma sai da hujja. Abin da ya yarda da shi ɗaya ne: akwatin ƙarfen da ke ɗakin baƙinsa, mai tsawon mutum, inda bindigoginsa tara suke tsaye.

Wata Lahadi ƙanin matarsa, Royce, ya tsaya a bayansa yana cin gyaɗa lokacin da yake danna lambobin sirri. Shi ke nan hankalin Orval ya tashi, ya ce sai ya canza lambar. Royce mutum ne mai aron abu ya dawo da shi da tsatsa.

"Ka kira mai gyaran makulli mana," in ji matarsa Darlene.

"In kira baƙo ya san lambata? Ke dai ba ni wuri."

Takardar kamfani ta ce a bar ƙofa a buɗe, a gwada sabuwar lamba sau uku kafin a rufe. Orval bai karanta ba, don a ganinsa karanta takarda aikin mutanen birni ne. Ya zaɓi lambar da ko a mafarki ba wanda zai zaci zai zaɓa: ranar aurensu, wata da kwana da shekara. Ya danna, ya tura ƙofa, ya tafi yana yaba wa kansa.

Bayan mako biyu, ranar Juma'a da la'asar, ya zo ɗaukar bindigarsa ya goge. Gobe Asabar ake buɗe farautar barewa, kuma shekara talatin da ɗaya Orval bai taɓa rasa safiyar farko ba. Ko jana'izar kawunsa sai da aka ɗaga saboda ita. Ya miƙa yatsa, sai kansa ya ɗauke. Nuwamba dai Nuwamba ce, amma ran nawa? Ya gwada sau huɗu, makullin ya yi ƙara ya ƙi karɓar komai har minti biyar. Mai gyara kuwa ya rufe shago tun jiya, shi ma ya tafi daji.

Ya samu Darlene a kicin tana yanka kabewa.

"Uwargida, in tambaye ki mana. Ranar nan tamu mai albarka..."

"Wacce?"

"Ta aure. Ita na sa a akwatin, don ƙauna."

Ta ajiye wuƙar, ta goge hannu. A gaskiya abin ya ɗan taɓa mata zuciya, har ta yi murmushi. Ta je ta kare madannan da tafinta, ta danna. Akwati bai motsa ba. Ta sake, shiru.

Sai ta ɗaga kai. A bango, saman akwatin, kan ƙatuwar barewar nan ne da Orval yake nuna wa kowane baƙo, da ɗan allon tagulla a ƙarƙashinsa mai kwanan watan ranar da ya harbe ta. Ta daɗe tana kallonsa. Ta danna abin da ke jiki, ƙofa ta buɗe.

"Ka ga wannan ranar?" ta ce a hankali. "Ita aka fara sa mana. Kai ka ce a ɗaga da mako guda don ta faɗo ranar buɗe farauta. Uwata ta sake buga katin gayyata ɗari biyu."



Darlene ta zaro takardar kamfanin daga bayan kwalin harsasai, ta sa tabarau, ta karanta tsaf. Ta bar ƙofa a buɗe, ta juya masa baya, ta sa sabuwar lamba, ta gwada sau uku kamar yadda aka ce. Sannan ta rufe, da bindiga tara a ciki.

"Na sa ranar da na haifa maka Tammy. 'Yarka ce tilo, ai ba wuya."

Tammy na jirgin ruwan soja, ba a samunta a waya. Orval ya zauna a bakin baranda yana lissafi da yatsu har rana ta kusa faɗuwa. Mutum ɗaya ne ya san zai tuna, wanda ya kai Darlene asibiti ranar, shi Orval yana bakin tafki yana jiran agwagin daji.

Ya ɗauki waya ya kira Royce.