Ƙarƙashin Baƙar Hula

Ƙanensa ya ciro baƙar hular daga ƙusar bayan ƙofa, ya kafa ta a kai, ya ja ta har ta rufe masa gira. Ya ɗora baƙin tabarau, sannan ya juyo ya fuskanci gado.

“Yaya, ta zauna?”

Wan nasa ya dube shi daga sama har ƙasa. Tsawonsu ɗaya, faɗin kafaɗa ɗaya, har ɗan rankwafawar nan da suka gada wajen mahaifinsu. Ya so ya ce ba ta zauna ba. Amma ta zauna ɗaram, kuma wannan ne ya fi ci masa rai.

“Ƙara karkata ta hagu,” in ji shi. Maganar ta fito a hankali, domin tun da ɓarin jikinsa ya shanye harshensa ya yi nauyi.

Shekara da shekaru wan ne DJ, mai sa kiɗan rawar yammacin Lahadi, a babban ɗakin taron da ke bayan tashar mota. Ba wanda ya san sunansa na yanka. Baƙar Hula ake ce masa, don ba a taɓa ganinsa a kan dandamali ba tare da ita ba. Ba ya magana a makirfo, ba ya ɗaga wa kowa hannu. Abin da aka san shi da shi guda ne: idan rawa ta kai inda ta kai, gumi ya jiƙa kowa, sai ya yanke kiɗan ɗif. Ɗakin ya yi tsit, ƙafafu a sama, numfashi a riƙe. Sai ya ga dama ya sako shi, jama’a su ɗauki ihun sunansa har kwanon rufi ya amsa.

Yana da wata ɗabi’a kuma. Duk waƙar da ya samo, sai ya goge sunanta da na mai ita daga kwamfutarsa, ya raɗa mata nasa, don kada wani mai sa kiɗa ya leƙo ya sace masa. Wadda ta fi kowace tada mutane tsaye, Tawa ya sa mata. Ya ɗauki wannan a matsayin wayo, kuma a sana’arsu wayo ne.

Ciwon ya same shi wata safiya yana sunkuye yana ɗaura igiyar takalmi. Da aka sallamo shi daga asibiti, hannun dama ya zama kamar na aro, ƙafa kuma sai an ja ta. Mai ɗakin taro ya zo dubiya sau ɗaya, ya yi jaje, sannan ya yi tambayar da ta kawo shi: wa zai tsaya ranar Lahadi? Ƙanen nasa mai gyaran lantarki ne, shi ke haɗa masa wayoyi tun farko, ya kuma san inda kowane maɓalli yake. Aka tsaya a kansa. Sai dai mara lafiyar ya gindaya sharaɗi: ya sa hular, kuma kada a faɗa wa kowa.

Matarsa ba ta ga hikimar abin ba. Bayan ƙanen ya fita ta zauna a bakin gado tana matsa masa yatsun da suka ƙi motsi.

“Baban yara, ka bari a sanar da su mana. Mutanen nan suna son ka. Da sun ji, tsakar gidan nan ba za ta ɗauke su ba.”

“Ba sai an faɗa musu ba.”

“To wa zai faɗa musu, aljanu?”

“Kunnensu,” in ji shi. “Kafin waƙa ta biyu ta ƙare za su san ba ni ba ne. Ki dai share tsakar gida.”

Ta share. Ta ma aro kujeru daga maƙwabta, don ba ta son musu da mara lafiya.

Da magariba ƙanen ya dawo, ya mayar da hula kan ƙusa, ya zauna yana cire takalmi kamar wanda ya dawo daga ɗaurin waya.

“Yaya aka yi?”

“An cika, Yaya. Har waje.”

“Ba wanda ya ce komai?”

“Sun yi ta kiran sunanka.”

Haka Lahadi ta biyo Lahadi. Maƙwabta suka aiko a ba su kujerunsu. Shi kuwa duk ranar da aka ɗauki hular, sai ya kwanta yana kallon ƙusar, kunnensa na kan ƙofar gida. Mai ruwa ya buga, mai karɓar shara ya buga, yara suka buga suka gudu. Ya daina tambayar ƙanensa komai, ya koma neman laifinsa: ya bar igiyar hedifon a cukurkuɗe, ya dawo da hula tana warin gumi. Ƙanen ya haɗiye, don ya san ba hular ce ke damun wansa ba. Abin da ke damunsa bai wuce ɗaya ba. Yana so mutum ɗaya, ko da ɗaya tak, ya lura cewa babu shi.

Lahadin farko bayan likita ya ce ya fara takawa da sanda, ya ce wa matarsa ta fito masa da riga mai kyau.

“Ina za ka?”

“Zan je in ga masu kunne.”

Ta taimaka masa ya sa rigar, ta tare musu tasi. A ƙofar ɗakin taron ta tsaya, ta gyara mayafi.

“Ni tun da na aure ka ban taɓa shiga nan ba, ba yau zan fara ba. Ina nan a inuwa. In jiri ya ɗauke ka, ka aiko.”

Mai gadin ƙofa, wanda shekaru yake rige-rigen ɗaukar masa jaka, ya dubi kansa mai furfura, ya dubi sandar.

“Baba, ciki akwai turereniya fa. Ka bi ta gefen bango, akwai benci.”

Ya bi ta gefen bango.

Bai taɓa ganin ɗakin daga ƙasa ba. Daga kan dandamali kawuna yake gani da ƙafafu. A nan kuwa akwai fuskoki, da warin turare da gumi, da kiɗan da ke shigowa ta tafin ƙafa ya hau har ƙirji. Can sama, ƙarƙashin fitila, baƙar hula na sunkuye kan na’ura, a karkace hagu kamar yadda ya koyar. Rawa ta yi zafi, ƙanen ya yanke kiɗa. Ya yi gaggawa, kowa mai kunne zai ji ya yi gaggawa. Ɗakin ya ɗauki ihu: “Baƙar Hula! Baƙar Hula!”

Ya zauna a bencin.

A ɗaya ƙarshen bencin wata mata ce zaune, ta cire takalmi ɗaya tana murza idon sawu. Takalmin ya fara ganewa. Ja ne, mai faɗin dunduniya, kullum yana gaban sifikar hagu tun kafin a sake wa ɗakin fenti. Fuskarta dai yau ya fara gani. Ta manyanta, akwai guntun zare maƙale a hannun rigarta.

“Sannu, Baba,” ta ce. “Kai ma ƙafa ce?”

“Ƙafa ce.” Ya nuna dandamali da haɓa. “Yaron nan ya iya.”

Ta taɓe baki. “Yana ƙoƙari. Amma ba shi ba ne.”

Ya ƙara riƙe sandar. “Ba wa ba ne?”

“Na da. An canza shi tuntuni, hular kawai aka bari. Wannan tsoron shiru yake yi, da ya yanke sai ya yi maza ya sako. Na da kuwa mugu ne. Sai ya jira har ka ji kamar ranka zai fita, sannan ya ba ka.”

Tun da ya kwanta bai ji magana mai daɗin wannan ba. Idonsa ya ciko, ya kawar da kai kamar fitila ce ta dame shi.

“To ina na da ɗin yake?” ya tambaya.

“Oho. Wataƙila ya samu inda ya fi nan.”

“Ba ki tambaya ba?”

Ta mayar da takalminta, ta yi ɗan tunani, irin na mai son faɗin gaskiya. “Na yi niyya, ranar farko. Sai aka sako waƙa, na tashi. Baba, ni tela ce. Daga Litinin zuwa Asabar ƙafar nan tana kan keken ɗinki tana yi wa mutane aiki. Lahadi ce kaɗai take yi mini nawa. Kuma in na ce zan neme shi, wa zan nema? Ban san fuskarsa ba, ban taɓa jin muryarsa ba. Hula zan je in gaisar?”

Ya juya sandar a hannunsa.

“In da wadda nake so in gani ido da ido,” ta ci gaba, “matar nan ce mai waƙar da yake sawa kusa da tashi. Shekarar da mijina ya rasu na daina ko leƙa waje. Ƙanwata ce ta jawo ni nan da ƙyar. Ina tsaye a bakin ƙofa aka sako muryar matar nan, sai na ji kamar ta san abin da ya same ni. Na aika mai gadi ya tambayo mini sunanta, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wai Baƙar Hula ba ya faɗa. Ya riƙe waƙar kamar shi ya haife ta.”

Ya tuna. Mai gadi kan zo ya raɗa masa, shi kuma ya girgiza kai ba tare da ya ɗago ba.

Kamar an ji su, sai ga Tawa, waƙar da take nufi, ta shigo. Telar ta miƙe, ta manta da idon sawunta, ta nufi gaban sifikar hagu. Shi ma ya samu kansa tsaye, ya jingina da bango. A lokacin ne ƙanensa ya ɗago kai don duba ɗaki, idonsa ya faɗa kan wansa. Hannunsa ya tsaya cak a kan na’ura.

Wurin yankewa ya zo ya wuce. Wurin da ake shigo da waƙa ta gaba ya zo, shi ma ya wuce. Ƙanen na tsaye kamar an dasa shi, waƙar kuwa ta ci gaba da tafiyarta zuwa inda ba a taɓa barinta ta kai ba a ɗakin nan.

Shi kansa wan bai san wurin ba. Duk shekarun nan, kafin Tawa ta kai rabi kunnensa ya riga ya koma cikin hedifon yana shirya mai bi mata. Yanzu ya ji ganguna suna janyewa ɗaya bayan ɗaya, jita ta bi su, aka bar muryar matar ita kaɗai. Ta dushe, da jin ta an daɗe ana maimaitawa. Ta ja baitin ƙarshe har numfashinta ya ƙare, ta yi ɗan tari, ta yi dariyar gajiya.

“Ya yi, ko in sake?” ta ce.

Wani namiji daga nesa ya amsa mata: “Ya yi.”

Shiru ya sauka. Ya yi tsawo fiye da duk wanda wan ya taɓa yi a rayuwarsa, don ƙanen ya rasa maɓallin da zai taɓa. Jama’a suka riƙe numfashi, suka jira, suka ƙara jira. Da ƙyar wata waƙa ta faɗo, ba a kan ƙa’ida ba. Ɗakin ya fashe. Ba a taɓa kiran Baƙar Hula da ƙarfi irin na ranar ba.

Telar ta dawo bencin tana share ido da bakin mayafi.

“Ka ji ta, Baba? Har tari ta yi. Allah sarki. Ko tana raye?”

Ya buɗe baki zai ba ta abin da ta daɗe tana nema. Ya ga faifan waƙar a ransa, tsoho, daga cikin tarin da wani ke sayarwa a bakin titi. Ya ga bangon, mace zaune a kan kujerar katako, hannu a cinya. Ya ga rubutu a ƙarƙashin hoton, amma ya kasa karanta shi. Ya so ya ɗora wa ciwonsa laifi, sai dai ya san tun kafin ciwo sunan ya tafi.

“Ban sani ba,” in ji shi.

A waje rana ta yi sanyi. Matarsa ta taso daga inuwa ta kama masa hannu.

“Sun gane ka?”

“Ɗaya ta gane ba ni ba ne.”

“To, alhamdu lillahi. Ka samu abin da kake so.”

Suka taka a hankali zuwa bakin titi. Sai da ta ɗaga wa tasi hannu ya sake magana.

“Kin tuna wani faifai mai hoton mace a kan kujera? Ina bangonsa?”

“Ba kai ka ba ni su duka na hura wuta da su ba?” ta ce. “Ka ce ba wanda zai tambaya.”

Ta buɗe masa ƙofar motar, ta ɗaga masa ƙafar da ba ta ɗaguwa. A bayansu, ta tagogin ɗakin taron, har yanzu ana kiran hular.