An Toshe Layin Majema

Ithel ya ƙanƙame bakin gado yana ihu, naman ƙafafunsa ya dunƙule kamar an ɗaure da igiya. Matarsa Lowri ta durƙusa tana murza masa, tana gudun kallon fuskarsa. Jiya war haka yana majema yana kankare fatun shanu, yana rera waƙar coci da muryar nan tasa mai kauri. Yau idanunsa sun faɗa, leɓɓansa sun yi shuɗi, yatsunsa sun yamutse kamar na wanda ya wuni yana wanki.

Aka buga ƙofa da sanda. Prosser ne, wakilin mai gidajen hayar layin, wanda kuma ke riƙe da babban masaukin garinmu, Pontwen. Bai shigo ba. Ya tsaya daga waje, hankici a hanci.

"Me ke damunsa?"

"Ranka ya daɗe, abin da ya ɗauke matar maƙeri ne. Kwalara ce."

"Kul! Kada in ƙara jin sunan nan a bakinki. Giya ce ta ɓata masa ciki."

"Ithel bai taɓa ɗanɗana giya ba."

"To daga yau ya sha."

Ya ja baya, ya ɗaga murya don duk layin su ji. Wani baƙo zai iso daga Landan, mutumin da ke yawo gari gari yana rubuta littafi: ina hanya take da kyau, ina masauki yake da tsabta, ina iska take da lafiya. Matafiya da fataken shanu da littafinsa suke zaɓen inda za su sauka. Ga shi kuma gobe babbar kasuwar shanu za ta ci. Saboda haka ba mai fita, ba mai kuka da ƙarfi, ba a kaɗa ƙararrawar mutuwa. Wanda ya buɗe baki, kayansa a titi, shi kuma sai gidan gajiyayyu.

Jin sunan gidan, Lowri ta jawo 'yarta Nest jikinta. A can, tun daga ƙofa ake raba miji da mata, uwa da ɗa.

"Likita fa?" ta tambaya.

"Bayan kasuwa."

Kafin la'asar kafintoci sun toshe bakin layin da katako, sun shafe ɓangaren da ke kallon kasuwa da farar ƙasa. Tsohuwa Marged, wadda bango ɗaya ya raba ɗakinta da na Lowri, ta leƙo tana tari.

"Sannunku da aiki, samari! In farar ƙasar ta ragu ku shafa mana, mu yi kyan gani a akwatin gawa."

Ba wanda ya yi dariya.

*

Da safe kukan shanu ya cika gari. Ithel ya daina ihu, muryarsa ta koma kamar iska a kafar ƙofa. Lowri na goge masa baki sai ta ji an taɓa gwiwar hannunta.

"Inna, cikina yana juyawa."

Ta waiga. Nest na tsaye, ta riƙe ciki da hannu biyu.

Lowri ba ta san lokacin da ta ɗauki mayafi ba. Ta bi ta bayan majema, tsakanin ramukan jiƙa fata, ta haura katanga, ta faɗa cikin garken tumaki. Ta tashi ta kutsa kasuwa, tana duban kowace fuska da tsoron kada ta zama ta mutanen Prosser.

A gaban coci ta hango su: likita, da Prosser, da wani dogon mutum mai farar riga, ɗan littafi a hannu, yana kallon hasumiya. Ta wuce likitan, don ta ga ya kau da kai. Ta zube gaban baƙon, ta kama bakin rigarsa.

"Ka taimake mu, ranka ya daɗe! Bayan katakon can mutane ne. Mutuwa muke yi. Mijina, 'yata..."

Baƙon ya dube ta da fara'a, ya dubi Prosser. Ba ya jin yarenmu. Ita kuwa Lowri ba ta da Ingilishi, ban da "na gode" da "yallaɓai".

Prosser ya yi ta magana da Ingilishi, yana murmushi, yana nuna kansa da yatsa yana juyawa. Baƙon ya girgiza kai cikin tausayi. Sannan ya tambayi wani abu, Prosser ya amsa yana nuna tsaunuka, ya shaƙi iska da ƙarfi, ya bugi ƙirji. Baƙon ya rubuta.

"Likita!" Lowri ta yi ƙara. "Kai kana ji na. Gaya masa!"

Likitan ya ciro agogon aljihu ya ƙura masa ido.

Prosser ya sunkuya kamar mai lallashi, ya ɗago ta da hannu biyu, murmushin bai bar fuskarsa ba, ya koma yarenmu. "Na ce masa ke mahaukaciyar garinmu ce, ba ki cutar da kowa. Ki koma ta inda kika fito. In kika ƙara kalma ɗaya, yarinyar a gidan gajiyayyu za ta mutu, ke kuma kina wani ɗaki ba ki sani ba."

Baƙon ya taɓa hularsa, ya ce mata wani abu mai laushi.

"Na gode, yallaɓai," in ji Lowri, da Ingilishi.

*

Ta tarar Marged ta rufe Ithel da bargo har kai. Tsohuwar na zaune a ƙasa, Nest a cinyarta, ita ma Marged fuskarta ta yi toka-toka.

"Bai wahala a ƙarshe ba, 'yar nan. Ya tambaye ki, na ce kin je ɗebo ruwa." Ta miƙe da ƙyar, ta dafa bango. "Bari in ɗan kishingiɗa. In kina buƙatata, ki buga bango."

Lowri ta wuni tana ɗiga wa Nest ruwa a baki da cokali. Yarinyar ta yi amai, ta yi gudawa, ta yi kuka har hawayen suka ƙafe. Can da rana ta karkata, aman ya tsaya. Jikinta ya ɗan yi ɗumi. Ta yi barci, numfashinta na fita daidai.

Lowri ta miƙe don ta zubar da bokiti, sai wani abu ya murɗa a cikinta. Ta tsaya cak. Ya sake murɗawa, ya gangara ƙafarta ta dama.

Ta rarrafa ta buga bango. Ta jira. Ta sake bugawa da ƙarfi.

"Marged? Inna Marged!"

Shiru. Daga kasuwa goge na tashi, ana tafi, wani na yi wa saniya kirari.

Ta dubi bargon da ke kan gado, ta dubi yarinyar da ke barci a ƙasa. Ta jawo sauran burodi da kofin ruwa, ta ajiye inda hannun Nest zai kai in ta farka. Sannan ta kwanta kusa da ita, ta cusa gefen mayafi a baki, ta cije.