Atamfar Mukarrama

Ina tsaka da ba ta kunu a cokali Mukarrama ta ture hannuna, ta ce in ƙaro muryar rediyo. Labarin kasafin kuɗi ake yi. Wai Shugaban Ƙasa da 'yan majalisa sun daidaita, kowa ya sauko kaɗan, ya sa hannu. Ta saurara har aka gama, ƙirjinta na ƙara kamar ana tankaɗe.

"Kin ji, Rashida? Sun sauko. A kanmu suka sauko."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu a wani ƙauyen Dandamisa, shekara ashirin da biyu. Ita ce shugabar matan jam'iyya a wajenmu. Lokacin zaɓe gida-gida ta bi tana cewa mutumin nan na talaka ne, za a gina mana ƙaramin asibiti, mace ba za ta ƙara haihuwa a hanyar Makarfi ba. Ni nake riƙe mata jaka. Aka kai ta taro Kaduna, ta dawo da atamfa shuɗiya mai fuskarsa a jiki. Ni ko ɗankwali ban samu ba.

Ba zan ɓoye ba, atamfar nan ta tsaya mini a rai. Duk suna, duk biki, idan ta shigo da ita sai tuwo ya ƙi wuce mini.

Aka ci zaɓe. Aka cire tallafin mai, aka ce asibitoci za a yi da kuɗin. Aka jera bulo layi uku a bayan makaranta. Shekarar farko aka ce sai kasafi mai zuwa. Ta biyu muka ji an mai da aikin garin wani ɗan majalisa don ya yarda da sauran kasafin. Awaki suka samu wurin kwana. Ni kuwa a wajen injin niƙa na ce wa mata Mukarrama ta san inda asibitin ya shiga, ba a banza aka ba ta atamfa ba. Na san ƙarya nake. Magana ta zagaya, mata suka daina sayen mazarƙwailarta.

Da ciwon ƙirji ya kama ta, sau biyu mijinta Malam Muhsin ya kai ta Makarfi. A na uku kuɗin mota ya fi ƙarfinsa.

Ranar rediyon nan yafiya na je nema. A wajenmu idan mutum ya kwanta haka, shiga ake a ce a yafe juna, ya ce ya yafe, ba a ambaton laifi. Ni na ga tawa ba za ta karɓu ba sai na faɗi abin da na yi. Ina shirin buɗe baki ta riga ni. Ta ce ba tsadar mai ce ta fi ƙona mata rai ba. Da Shugaban Ƙasa ya tsaya ya yi faɗa a kan asibitin ya sha kaye, da har gobe tana nasa, amma sai ya ba da mu don a zauna lafiya da shi.

"Yaya Mukarrama, maganar wajen injin niƙa…"

"Ke ce. Tun ranar na sani. Wa ke kallon atamfar nan irin kallonki?"

Ta yi dariya, tari ya sarƙe ta. Na jira kalmar. 'Yarta Halimatusa'adiya ta shigo da ruwa, sai ga 'yan dubiya. Na ce gobe.

Washegari da hantsi ta cika.

Har daga Kudan da Ikara aka zo jana'izarta. Ina kuka, ina tunanin wa zai zo tawa. Allah ya yafe mini, har a nan ban bar ta ba.

Bayan sadakar uku Halimatusa'adiya ta shigo mini da ƙulli. Atamfar ce. Na tambaye ta ko Inna ta haɗa da wata magana.

"Cewa kawai ta yi a ba ki."

Ba a salla da ita saboda hoton, kuma ban taɓa ɗaura ta ba. Jiya na wanke ta, na shanya a kan katangarmu. Da la'asar na fito kwashewa, na tarar iska ta ja rabinta ya sauka ta ɓangarensu.