Tumatirin Baba Gali

"Kai Manniru, me ka zuba musu?" Baba Gali ya tambaya daga kan tabarma, yana nuna bokitan fenti da sandarsa.

Maƙwabcinmu ne a unguwar Sabo, tsohon ɗan goro. Tun da ƙafa ta hana shi kasuwa ya jera bokitai bakwai a ƙofar ɗakinsa, ya shuka tumatir. Da ciwo ya kwantar da shi na karɓi ban ruwa, ni da zaman aji ma ya gagare ni. Takinsa na kashin akuya ya cika jinkirin aiki, sai na samo na zamani a kasuwar Shasha, farin nan mai kama da sukari, na antaya.

"Dubi ganye, Baba! Sun kusa kamo ni a tsawo."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ganye zan ci? Ka turke su kamar ragon layya. Wa zai ƙoshi haka ya tuna da haihuwa?"

Likita ya riga ya gaya wa Zulfa, 'yar Baba, ba sauran magani, a bar shi ya huta a gida. Shi ma ya sani. Abu ɗaya yake nema, ya ɗanɗana tumatirin nan.

Ya sa na yi ta kwarara ruwa har takin ya wanke. Sannan ya aike ni unguwar Mokola wurin Iya mai gasa agade, in roƙo ɓawo da toka.

"Aboki, yunwar ta kai ga ɓawo?" in ji ta. Na rama da Yarabanci, ta cika mini leda.

Muka jiƙa ɓawon a tulu. "Kofi ɗaya, ranar Juma'a kawai," in ji Baba. "Zulfa, ki sa masa ido. Hannunsa ba birki."

Fure ya fito, rawaya. Kullum da safe ina leƙa bokiti, sannan in leƙa fuskarsa. Yana ramewa, 'ya'yan tumatir suna kumbura. Wata biyu ban je ko'ina ba.

Na farkon da ya nuna bai fi goro girma ba. Ya sa babban yatsa ya tsaga shi, ya miƙa mana kamar yadda ya saba raba wa baƙi goro, ya tsotsi nasa ido a rufe.

"Da tsami," ya ce, yana murmushi. "Ya biyo mai rainonsa."

Ranar Talata bayan azahar ya cika.

Da muka dawo daga maƙabarta, na tarar reshen bokitin ƙarshe ya sunkuya don nauyi. Na kafa sandarsa a ciki, Zulfa ta yago bakin tsohon zane, muka ɗaure shi a hankali.