Shaidar Goggo Mai Ɗinki

Saƙon ya shigo wayar Auta tana tsakiyar wanke-wanke. Ta karanta da jiƙaƙƙen hannu, ta sake karantawa, sannan ta saki kwano ta ruga ɗaki. Masaƙar da ke bayan gari ce ta kira ta intabiyu ranar Talata, a ɗakin gwajin rini. Shekara uku ke nan da ta gama digirinta na kimiyyar sinadarai, kuma yau ne karon farko da wani ya ce ta zo a ga fuskarta.

Gida ya ruɗe. Inna ta hau buga wa dangi waya kamar har an ba da aikin. Sai da hayaniya ta lafa sannan Yaya, wanda ke aiki a shagon buga takardu, ya karɓi wayar ya ga layin ƙarshe: a zo da shaidar gogewar aiki ta shekara biyu.

Wannan layin ne ya sha hana Auta samun aiki.

"Wannan ai ƙaramin abu ne," in ji Yaya. "Ba kullum kina shagon Goggo ba?"

"Zama nake yi, Yaya. Zaman banza."

"To, zaman za mu yi wa kwalliya."

Kwalliya kuwa ya yi. Shagon Goggo, mai keken ɗinki biyu da labule ɗaya, ya wayi gari cibiyar sarrafa tufafi, da tambari har da hoton almakashi. Auta ta zama mai kula da ingancin kaya. Goggo ta sa hannu ba ta ko duba ba, allura a baki, mai kaya tsaye a kanta. Suka rubuta lambar wayar Goggo a ƙasa don takarda ta yi kyau, ba wanda ya kawo a ransa cewa akwai mai kira.

Ranar Talata aka shigar da Auta wani ɗaki mai sanyi, kwalabe jere a kan kanta, ga ƙyallaye kala-kala an manna a allo. Warin sinadari ya bugi hancinta, ta ji kamar ta yi rawa. Shugabar ɗakin, wata doguwar mata mai tabarau, ta yi ta jefo tambayoyi, Auta tana cafewa. Zuciyarta har ta fara zaɓar kujerar da za ta riƙa zama.

Sai shugabar ta ɗauki takardar Yaya. Ta daɗe tana kallon almakashin.

"Bari mu ji daga bakin mai cibiyar," ta ce, ta danna lambar, ta buɗe murya, ta ajiye wayar a kan tebur.

To, Goggo tana da ɗabi'a irin ta masu ɗinki: duk baƙuwar lamba, mai bin sawun kaya ce.

"Saura hannu ɗaya, wallahi," muryarta ta cika ɗakin, ƙarar keke na tashi a bayanta. "Wuta aka ɗauke. Ki zo jibi."

"Ba ɗinki na kawo ba, baiwar Allah. Daga masaƙa nake kira, kan 'yarki. An ce ita ke kula da ingancin kaya a wurinki."

"Auta? Wane kula? Yarinyar da ko zare ba ta iya sa wa allura ba?"

Kunya ta rufe Auta, ta ji da ƙasa za ta tsage da ta shige. Goggo kuwa ta sami mai saurare, ai sai ta tsayar da keke.

"Aikinta ɗaya, hana ni aiki. Duk yadin da aka kawo sai ta yanki gefensa. Ta jiƙa a ruwan sabulu, ta jiƙa a ruwan gishiri, ta goga a farin ƙyalle, ta shanya rabi a rana rabi a inuwa. Kofunan shayina duk sun rine. Sannan ta buɗe wani littafi ta manna ƙyallen ta yi ta rubutu. Mace ta kawo yadinta tana murna, sai Auta ta ce mata wannan wanki uku zai yi ya koɗe. Mutum nawa ta kora mini?"

"In ta faɗa, yana koɗewa?" in ji shugabar.

Goggo ta ja tsaki. "Yana koɗewa. Shi ya fi ba ni haushi."

Shugabar ta yi godiya ta kashe wayar. Ta tura takardar gaban Auta da yatsa ɗaya.

"Wannan ƙarya ce, kuma ba na aiki da mai rubuta abin da bai faru ba. A nan, sakamakon ƙarya ɗaya sai ya ɓata kayan wata guda."

"Haka ne, ranki ya daɗe. Na yi kuskure."

"Ƙyalle nawa ne a littafin?"

"Sun haura ɗari huɗu."

"Me ya hana ki kawo shi?"

Auta ta buɗe baki, sai hawaye suka riga magana. "Ban san aiki ba ne. Na ɗauka rage zaman banza nake yi."

"Ki kawo shi kafin a tashi yau. In ya yi yadda Goggonki ta ce, zan gwada ki wata uku."

Auta ba ta san lokacin da ta kai titi ba. Tana gudu, takalmi ɗaya na neman cirewa, ta kira Goggo tana haki, tana dariya, tana kuka.

"Goggo, littafina. Don Allah yana ina?"

"Shi na tokare ƙafar keke da shi, tana rawa. Lafiya?"

"Ki ciro mini shi, ga ni nan."

"Sun ɗauke ki ne?"

"Sai sun gan shi."

Ta ji an ja kujera, ta ji Goggo tana nishi tana ɗaga keken da ba ta taɓa bari kowa ya gusar ba, tana cewa mai kayan da ke jira, "Taya ni nan, baiwar Allah, ɗinkinki ya jira. Aikin 'yata ne a ƙarƙashi."