Hannun Mai Gam

Likita ta kama hannun Mai Gam ta juya shi, ta zana ƙananan da'irori da biro tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. A cikin kowace da'ira ta ɗiga wani ruwa, ta ɗan soka bakin allura.

"Wannan ƙura ce," in ji ta. "Wannan gashin kyanwa, wannan furen ciyawa, wannan kuma fumfuna. Wadda ta kumbura ita ce ɓarauniyarmu."

"To, Allah Ya tona asirinta," in ji shi.

Suka zauna jiran fata ta yi magana. 'Yarsa Auta, wadda ta baro wurin aikinta ta kawo shi, ta ƙura wa da'irar fumfuna ido kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Da lokaci ya yi likita ta gyara tabarau ta duba. Ta fumfuna ta ɗan yi ja. Ta ƙura ma ta yi. Har ta kyanwa, shi da bai taɓa kiwon kyanwa ba.

"Baba, ba zan ce fumfuna ce ba, ba kuma zan ce ba ita ba ce."

"Likita, wannan ai amsar 'yan siyasa ce."

Ta yi dariya, ta rubuta masa wani sabon man shafawa. "Ka dai ci gaba da nisantar wurin nan."

Wurin da take nufi shi ne ɗakin gyaran littattafai da ke ƙarƙashin laburaren gari. Ya shige shi yana saurayi ko gemu bai tsaya masa ba, ya fito da furfura. Ɗaki ne mai tsawo, ana sauka cikinsa ta wata siririyar matattakala. Akwai dogon tebur, da ƙaton ƙarfen matsa littattafai, da 'yar tukunyar gam da ke kan risho tun safe har tashi. Warin gam ɗin nan ya kama rigunansa har sunansa na yanka ya ɓace a bakin abokan aiki. Duk littafin da ya ji jiki a sama, bangonsa ya ɓalle ko shafukansa suka zube, nan ake sauko da shi. Shi kuwa ya warware shi, ya jera, ya ɗinke, ya yi masa sabuwar riga, ya mayar da shi cikin jama'a.

Taga ɗaya ce a ɗakin, can sama kusa da silin, daidai da gefen titi. Ƙafafun mutane kawai yake gani ta cikinta, har ya san rabin garin da takalmansu. Ta nan ya fara ganin wasu jajayen takalma da ke tsayawa kullum da yamma suna jiran motar haya. Sai da ya yi wata guda yana kallon su kafin ya yi ƙarfin hali ya hau sama ya ga mai su. Ita ce Maman Auta, wadda har yau take cewa bai taɓa kallon fuskarta yadda ya kalli takalman nan ba.

Ana nan, wata shekara bututun ruwa ya fashe a cikin bango. Aka gyara, aka shafa fenti, aka ce magana ta ƙare. Ba a jima ba baƙaƙen tabo suka ɓullo ta cikin fentin, suka bi kusurwa suka hau silin. Ɗakin ya ɗauki warin jiƙaƙƙen kayan wanki da aka manta a bokiti. Fumfuna ta sauka kan littattafai, shi kuma ya ɗauki tsumma ya riƙa goge su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa, don ya ga ba mai yi in bai yi ba.

Ƙaiƙayi ya fara daga tsakanin yatsu. Daga nan ƙuraje suka feso a wuyansa da bayansa, fatar ta yi taswira ja, idanunsa suna ruwa, atishawa ba ƙaƙƙautawa. Da ya kai kuka wurin shugaban laburare, mutumin ya saurare shi da kyau, sannan ya ce, "Ai duk muna shiga ɗakin nan. Mu me ya same mu?" Gaskiya ne kuma, ba wanda ya samu komai. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da abin ya kai ba ya iya riƙe almakashi, ya ajiye aiki tun lokacin ritayarsa bai yi ba.

Ya bar ɗakin, ciwon bai bar shi ba. Borin jini yakan zo lokacin da ya ga dama, ya kwana biyu ko ya yi sati, ya tafi ba sallama. Maman Auta ta ɗaura yaƙi da duk abin da take zargi. Ta naɗe kafet ta bayar. Ta daina sa turare, ita da ba ta fita ko ƙofar gida ba tare da shi ba. An sauya sabulu har ba a san iyaka ba. Ƙwai ya fita daga gidan, kifi ya bi shi, madara ma haka. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A ƙarshe ta zuba littattafansa na gida a kwalaye ta aika da su gidan ƙaninta. Ranar ya zauna yana kallon sawun da kantar ta bari a bango.

Ya koma sa riga mai dogon hannu ko da zafi ake, tun ranar da wata mata ta janye ɗanta daga kusa da shi a motar haya.

Bayan zuwansu asibiti da 'yan kwanaki wayarsa ta yi ƙara. Madam Shiru ce, mai ba da aron littattafai, wadda ta samu sunanta daga kalma ɗaya tilo da take faɗa wa masu karatu.

"Mai Gam, kana raye?"

"Ina nan ina susa."

"To, tashi muke yi. An gama sabon gini. Littattafan sama za su bi mu, na ƙasa an ce sun lalace, ƙone su za a yi. Kayan aikinka suna nan yadda ka bar su. In ba ka zo ba bola za su."

Da ya faɗa wa Maman Auta, ta ajiye wuƙar da take yanka albasa da ita.

"A aika wani ya ɗauko."

"Wani bai san su ba."

"Likita fa ta ce ka nisanci wurin."

"Likita ta ce ba ta sani ba."

"Baban Auta, ni ce mai shafa maka magani a baya. Ni ce mai wanke zanen gado in ka sosa har jini. Sabo turken wawa, wallahi."

"Na ji. Ni ne wawan. Zan sa safar hannu."

Ya tarar da zauren karatu fayau, kantoci a kwance, kwalaye a ɗaɗɗaure. Madam Shiru tana tsakiya tana ƙwala wa leburori kira da wata murya da bai taɓa sanin tana da ita ba. Ya tsaya a bayanta ya ce, "Shiru!" Ta juyo a fusace, ta gan shi cikin takunkumi da safar hannu kamar mai shirin tiyata, ta yi dariya har ta dafa tebur. Sai kuma ta ga wuyansa inda riga ba ta rufe ba, dariyar ta tsaya.

"Kada ka daɗe," in ji ta, ta miƙa masa makulli.

Ƙafarsa ba ta manta matakalar da ke girgiɗi ba, ta tsallake ta da kanta. Warin ya tare shi tun kafin ya buɗe ƙofa, amma a ƙarƙashinsa, can ƙasa-ƙasa, akwai warin gam. Bango ya yi baƙi ƙirin. Kofin shayinsa yana nan kife a inda ya kife shi. Ya tattara basillarsa, da wuƙar yankan kwali, da guntun ƙashin da yake lallaɓa takarda da shi, wanda ya yi santsi saboda shekaru a tafin hannunsa. Ya zuba su a jaka. Aikin da ya kawo shi ya ƙare kenan.

Bai fita ba. A kan tulin da za a ƙone akwai wani ƙaton ƙamus mai koren bango. Shi ya yi masa bangon nan, kuma ba shi ne na farko da ya yi masa ba, don 'yan makaranta ba sa tausayin ƙamus. Ya shafa ƙashin bayan littafin, bai ji komai ba sai roba. Ya cire safar hannun. Ɗinkin yana nan daram, zare bai saki ko ɗaya ba. Ya buɗe wani, ya buɗe wani. Ya gane na zamanin da yake koyo, da na shekarar da aka haifi Auta, lokacin da yake ɗinki yana gyangyaɗi. Ya ja kujerarsa ya zauna. Ta taga ƙafafu suna wucewa, takalman da bai san ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sai da Madam Shiru ta leƙo daga saman matattakala ta ce za a kulle, sannan ya miƙe. Ƙarfen matsi ya fi ƙarfin ɗauka. Ya murza hannun ƙarfen sau ɗaya, ya saurari kukansa, ya bar shi nan.

A gida Maman Auta ba ta bar shi ya wuce baranda da kayan jikinsa ba. Ta zuba su a tafasasshen ruwa, ta kora shi wanka, ta jera ƙwayoyi da man shafawa a kan tebur. Jakar kayan aikin ta rataye ta a ƙusa a waje. Auta ta kira a waya ta yi faɗa. Duk suka zauna jiran abin da zai biyo baya.

Gari ya waye fatarsa lafiya lau. Washegari ma haka. Sati ya zagayo, ko atishawa bai yi ba. Maman Auta takan ɗaga rigarsa ta duba bayansa, ta sake ta.

Ya kamata ya yi murna, amma bai yi ba. Ya zauna a ɗakin nan, ya shaƙi iskarsa, ya taɓa fumfuna da tsirarar hannu, ba abin da ya same shi. To, don me ya bar aikinsa? In ba ɗakin ba ne, mene ne? Da ya san maƙiyinsa, da ya san inda zai kai fushinsa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Sai da kowa ya saki jiki, wata safiya yana shan shayi a falon da ba kafet, ba littafi, ba turare, ya ji tsakanin yatsunsa na motsi. Kafin azahar hannuwansa sun kumbura, wuyansa ya yi ja.

"Zuwan nan ne da ka yi," in ji Auta. "Yanzu ya fito."

"Sabon man gyaran gashin da wanzami ya shafa masa ne," in ji mamanta.

Likita ta ce duka biyun suna iya yiwuwa.

Da suka dawo daga asibiti, Mai Gam bai shiga ɗaki ba. Ya sauke jakar daga ƙusa, ya jawo ƙaramin tebur zuwa baranda inda iska ke kaɗawa.

"Me kake yi?" in ji Maman Auta.

"In na taɓa littafi ya zo, in ban taɓa ba ya zo. To, gara ya zo ya same ni ina aiki."

Ta shige ciki ta bugo ƙofa.

Maƙwabciyarsu, wata malamar makaranta, ta daɗe tana roƙon ya duba mata littafin labarai da ta gada daga mahaifiyarta. Ya aika aka karɓo. Shafukan sun rabu da juna, bango ya rage rabi. Ya jera su a hankali, ya daidaita gefensu, ya huda da basilla. Da ya zo zura zare a allura, yatsun suka ƙi. Sun yi kauri, fatar ta tsage a gaɓoɓi. Zaren ya lanƙwashe, ya sake gwadawa, allurar ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Ya sunkuya yana lalube.

Bai ji buɗe ƙofa ba. Hannun Maman Auta kawai ya gani ya riga shi ɗauka. Ta ja kujera ta zauna gefensa, fuska a ɗaure. Ta lashi bakin zaren, ta ɗaga allurar ga haske, ta zura shi tashi ɗaya.

"Ninki ɗaya ko biyu?"

"Biyu."

Ta ninka, ta ƙulla, ta miƙa masa ba ta dube shi ba.

"In ka ji ƙaiƙayi ka faɗa mini in sosa maka," in ji ta. "Kada ka ɓata wa baiwar Allah littafi."