Cokalin Hortensia

Ranar Talata da yamma Evaristo ya saki cokali ya faɗi ƙasa, kuma daga ranar maƙwabciyarsa Hortensia ba ta ƙara taka barandarsa ba.

Ta shigo ne da takardu a hannu ɗaya, kofin gahawa a ɗayan, tana haki.

"Malam, ajiye littafin nan, ba guduwa zai yi ba. Yau ni ce da karatu, kai ne da saurare."

"Duniya ta zo ƙarshe ke nan," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba.

"Ta daɗe da zuwa, kai ne ba ka fita balle ka gani. Karɓi, kafin ya huce."

Evaristo ya yi rayuwarsa ta aiki a kan dandamalin masana'antar sigari ta garin Camajuaní, yana karanta wa masu naɗin taba jarida da safe, littafi da rana. Hortensia na cikinsu, benci ɗaya da marigayiya matarsa Zoila. A ɗakin naɗi ba a tafa wa mai karatu. In karatu ya yi daɗi, sai a yi ta buga wuƙar yankan ganye a kan tebur har ɗakin ya ɗauka. In kuwa mai karatu ya ba da kunya, sai wani ya saki wuƙarsa ta faɗi ƙasa, ba sai an ce uffan ba. Sau ɗaya aka taɓa yi wa Evaristo haka, yana saurayi, kuma har yau bai manta launin rigar mutumin ba.

Da aka buɗe ajin tsofaffi na ranar Asabar a gidan al'adu, malamar ajin ta zo har gida ta roƙe shi ya shiga, ko ya riƙa koyarwa. Ya ce mata ya gama karatu tun uwarta na rarrafe, kuma shi bai ga dabarar yi wa gidan da ya kusa rushewa fenti ba. Hortensia kuwa ta shiga. Kowace Asabar sai ta dawo masa da labarin taurari, ko hawan jini, ko tarihin garin da aka haife shi a ciki, kamar ita ta gano su. Yanzu shekara ta ƙare, kuma kowane ɗalibi sai ya karanta abin da ya rubuta a gaban jama'a kafin a ba shi takardar shaida.

"Rubutun na yi," ta ce, tana gyara tabarau. "Bakin ne ke rawa. Ka dai nuna mini inda zan ja numfashi."

Ta fara. Tana karatun kamar mai tsallaka kogi a kan duwatsu.

"Waƙafi ne wannan, tsohuwa, ba kabari ba. Wuce."

"Allah Ya shirye ka."

"Ki sha iska kafin jimla, ba a tsakiyarta ba."

Ta sha, ta ci gaba. Labarin bencinsu na ɗakin naɗi ta rubuta: warin ganye, zafin Agusta, yatsun da suka rine. Evaristo yana juya gahawarsa, yana jin abin ba laifi, har ya fara tunanin yadda zai faɗa mata hakan ba tare da ta samu bakin magana ba. Sai ta karanta: "Zoila ce kullum take fara buga wuƙa, ko da karatun ranar ya sa mu hamma. Takan ce mana, ku taya ni, in ba a buga ba mutumin nan ba zai ci abinci ba yau."

Tun da aka binne Zoila ba wanda ya ambaci sunanta a barandar nan. Evaristo ya zare cokalin daga kofi, ya miƙa hannu gefe, ya buɗe yatsu.

Ƙarar ba ta da yawa. Hortensia ta dubi cokalin, ta dube shi. Da ya sunkuya ya ɗauka, da an ce suɓucewa ya yi. Ya san haka, ita ma ta sani, har ta ɗan jira shi. Bai sunkuya ba.

"To," ta ce. "Na ji."

Ta ninke takardunta ta fita, ta bar masa kofin da cokalin, duk nata.

Bangon katako ne tsakanin gidajen. Washegari da la'asar ya ji ta tana bitar karatun, amma can ƙasa-ƙasa, ita da in ta yi tari sai karnukan layin su amsa. Ya ja kujerarsa mai lilo kusa da bangon, wai nan ya fi iska. Haka kullum. Ya lura ta daina tsayawa a waƙafi. Ya lura tana shan iska kafin jimla. Leɓunansa na bin ta ba da izininsa ba. Amma da ta iso wurin Zoila sai muryar ta ƙara nutsewa, ya manna kunne har katakon ya yi masa shaida a kumatu, bai taɓa jin abin da ya biyo baya ba.

Ya wanke kofin ya ajiye a bakin taga, da niyyar mayarwa gobe. Goben ta yi ta zuwa tana wucewa. A layin burodi suka haɗu.

"Kun tashi lafiya, Malam?"

Kun. Matar da ta shekara da shekaru tana ce masa tsohon zakara.

"Lafiya," ya ce, ya juya yana karanta sanarwar da ke bango, wadda ya riga ya haddace.

Ranar Alhamis ta makon da ya biyo, ana saura kwana biyu taron karatun, muryar ta tsaya a tsakiyar jimla. Ya ce a ransa, ga shi kuma, ta manta da numfashin. Ya ji kamar takardu sun zame ƙasa. Ya ɗaga hannu zai ƙwanƙwasa bangon, sai ya tuna in ya ƙwanƙwasa za ta san yana saurare. Ya mayar da hannun kan gwiwa. Yana nan zaune har 'yarta Maritza ta dawo daga aiki, ya ji ta buɗe ƙofa, ya ji ta ce "Mama?", ya ji sauran.

Likitar unguwa ta ce zuciya ce, nan take, ba abin da wani zai iya yi. Evaristo ya ji daɗin jin haka, kuma ya ji kunyar daɗin.

A gidan makoki tsofaffin masu naɗi sun jeru a kujeru suna lilo. Maritza ta kawo masa gahawa da kanta, idanunta jajur.

"Baba Evaristo, ta ce in kama muku kujerar gaba ranar Asabar." Ta yi wata 'yar dariya mai hawaye. "Wai in ba ku ludayi, don ƙarar ta fi fita."

Kujerun da ke kusa suka daina lilo. Ashe kowa ya sani. Wata tsohuwa ta dube shi sama da ƙasa, ta mayar da kai ga carbinta.

"Takardun fa?" ya tambaya da ƙyar.

"Na sa mata a hannu a cikin akwatin gawa. Ta sha wahalarsu, ta tafi da kayanta."

Ranar Asabar ya sa farar rigarsa, ya kai har ƙofar gidan al'adu, ya ji ana kiran sunaye a ciki, ya juyo.

Da la'asar ya zauna a kujerar, a gefen bangon. Kofin na bakin taga, cokalin na hannunsa. Daga ɗaya gefen ba a jin komai sai famfo yana ɗiga. Ya kai cokalin kusa da katakon ya riƙe a nan. Maganar da ya kamata ya faɗa tun tuni ba ta da tsawo, ya kuma san inda ake jan numfashi a cikinta: ɗaga murya, Hortensia, ina jin ki.